Badalar Kano da Sababbin Tituna

Duk wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Nasarawa ko ta Ƙofar Na'isa ya ga yadda tituna suka yi faɗi, motoci na ta kai da kawowa. Amma in ya dubi dama da hagu yana neman badala, watau ganuwar da ta kewaye birnin, sai ya ga 'yan tuddai nan da can, wani wurin ma ko alama babu.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara wannan gini. Sarakunan da suka biyo bayansa suka yi ta ƙarawa, musamman Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gadon sarauta a 1463. Da ƙasa zalla aka yi ta, ba siminti ba rodi, amma Turawan da suka ci Kano a 1903 sun rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, dare na yi a rufe. In damina ta wuce kuma sai a yi gayya, a yaɓe inda ruwa ya ci. Ginin ƙasa kuwa haka yake, ranar da aka daina yaɓe, ranar ya fara zubewa. To, da yaƙi ya ƙare, ganuwa ba ta da wanda za ta tare, sai gayya ta mutu.

Ni dai ban ga laifin masu neman faɗin hanya ba. Ƙofar da aka yi domin jaki da raƙumi ba za ta ɗauki babbar mota ba, kuma wanda ya ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti ba tarihi ne a gabansa ba. A kan haka ne aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010, aka sake gina wata mai faɗi. Sabuwar tana da kyau, amma fa ba ita ce wadda kakanninmu suka bi ta cikinta ba. Suna kawai ta gada.

Akwai wata dabara, kuma a Kanon aka yi ta. A 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka bukaci ƙarin hanya sai aka huda ganuwa a wani wuri dabam, aka sami Sabuwar Ƙofa. An yi hasarar ɗan yanki, amma tsofaffin ƙofofi suka tsira a lokacin. Me zai hana titi ya raɓa ta gefen ƙofa, a bar tsohuwar ga masu tafiya ƙasa?

Mutanen Masar sun gamu da abin da ya fi wannan wuya. Da suka gina madatsar ruwa ta Aswan, ruwa zai cinye gine-ginen Fir'auna na Abu Simbel. Daga 1964 zuwa 1968 aka yayyanka duwatsun, aka hau da su tudu, aka sake haɗawa. Sun sami lantarkinsu, baƙi kuma har yau suna biyan kuɗi su gani.

Sai dai a ganina ba titi ne ya fi cin badala ba. Mu ne. Wannan ya haƙi ƙasa ya yi tubali, wancan ya kafa shago, wani ya mai da gindinta juji. Tun 1959 gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare, a 2007 kuma aka miƙa sunanta ga hukumar UNESCO, amma takarda ba ta hana ruwan sama. Abin da take bukata shi ne a shata mata iyaka, a hana yanka filaye a jikinta, a kuma ware kuɗin yaɓe kowace kaka. A yi da sauri kuwa, domin maginan ƙasa da suka iya aikin yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma bulo suka koya.