Zanga-zangar Sokode da Gyaran Tsarin Mulkin Togo

Tsarin mulkin Togo na 1992 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu kawai. A 2002 majalisa ta soke wannan ƙa'ida, Gnassingbe Eyadema ya zarce. Da ya rasu a 2005, ɗansa Faure ya gaje shi.

Ranar 19 ga Agusta 2017 jam'iyyar PNP ta Tikpi Atchadam ta kira zanga-zanga, don a maido da tsarin 1992. Abin ya fi ƙamari a Sokode, garin Kotokoli, inda fataken Hausawa kan yada zango a da, kan hanyarsu ta Gwanja. Jam'iyyu 14 suka haɗa kai. Gwamnati kuwa ta katse intanet, ta kama wani limami a Sokode, aka yi asarar rayuka.

To, sai 'yan adawar suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na Disamba 2018. Nan dabararsu ta kwance, domin majalisar da suka bar wa abokan hamayyarsu ita ce mai ikon gyara tsarin mulki. A Mayun 2019 ta maido da wa'adi biyu, amma ba ta ƙirga waɗanda Faure ya riga ya yi ba. Ya sake tsayawa a 2020, ya kuma ci.