Bayan komawa Linux: yadda za ku dawo da abin da ido ya saba

Tun da kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawa a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutocin da ba za su ɗauki Windows 11 ba suka fara komawa Linux. Da yawa sukan bar Windows ɗin a gefe, su ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, kusa da ita. Sai a kunna kwamfuta, ta wuce kai tsaye cikin Ubuntu, babu tambaya, babu zaɓi. Nan hankali yake tashi, a ɗauka an goge komai.

Yawanci ba a goge ba. Kada ku yi saurin kai ta wurin mai gyara a sake mata sabon zubi, don a nan ne ake asarar takardu da hotuna.

Allon zaɓin da ke fitowa kafin komai ya tashi sunansa GRUB, kuma Ubuntu kan ɓoye shi idan ta zaci ita kaɗai ce a kwamfutar. Ku danna Esc da zarar kun kunna, ko ku riƙe Shift idan tsohuwar kwamfuta ce mai BIOS, zai fito. In kuna so ya riƙa fitowa kullum, ku buɗe fayil ɗin /etc/default/grub da izinin sudo, ku mayar da GRUB_TIMEOUT_STYLE ya koma menu, ku sa GRUB_TIMEOUT=10, wato jiran daƙiƙa goma. Idan allon ya fito amma babu sunan Windows a ciki, dalilin shi ne tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021 aka kashe os-prober, manhajar da ke lalubo sauran tsare-tsaren da ke kan faifai. Ku ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false. Bayan kowane gyara sai an rubuta sudo update-grub, in ba haka ba aikin banza aka yi. Wannan matakin ne aka fi mantawa.

Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa: Windows ta sabunta kanta, ta shiga gaban layi, Ubuntu ta ɓace. Da zarar kun kunna kwamfutar, ku danna F9 a HP, ko F12 a Dell da Lenovo, ku zaɓi Ubuntu, sannan ku shiga saitin UEFI ku mayar da ita sama. Ku kuma kashe Fast Startup a Windows, don yakan hana Linux rubutu a ɓangaren faifan da fayilolinku suke.

Akwai wata ƙaramar damuwa da mu 'yan Najeriya da Nijar za mu gani: duk lokacin da aka dawo Windows, agogo ya ja baya da awa ɗaya. Linux na ajiye agogon na'ura a kan UTC, Windows kuwa tana ɗaukarsa lokacin gida. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Ubuntu yana sasanta su.

Batun fuskar allo ya fi sauƙi. Ubuntu na amfani da GNOME, wanda ya jera manhajoji a gefen hagu. Ku sauko da Extension Manager, ku sa Dash to Panel don sandar ƙasa ta dawo, da ArcMenu don samun madannin da ya yi kama da Start. Masu rubutu da Hausa kuma su duba saitin madannai, akwai tsarin Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ.

Sai dai a ganina, wanda bai riga ya ɗora komai ba gara ya ɗauki Linux Mint. Fuskarta, Cinnamon, ta zo da madanni irin na Start a kusurwar hagu ta ƙasa da agogo a dama, kamar Windows 7. Su kuwa ƙare-ƙaren GNOME irin su Dash to Panel da ArcMenu, duk wata shida ake fitar da sabon GNOME, kuma ba kowane ƙari ne ke tafiya da shi nan take ba.