Dogon jiran diyya bayan guguwar Helene a Jojiya

A ƙaramar hukumar Coffee da ke kudancin jihar Jojiya ta Amurka, guguwar Helene ta Satumban 2024 ta kwantar da auduga gab da girbi, ta yaye rufin gidajen kaji, ta kuma tumɓuke itatuwan pecan, waɗanda kan yi shekaru kafin su fara 'ya'ya.

A Disamba, majalisar dokokin ƙasar ta ware kusan dala biliyan 21 domin manoman da bala'o'in 2023 da 2024 suka shafa. Sai dai ba a buɗe rajistar babban kason ba sai Yulin 2025, bayan an riga an yi sabuwar shuka. Masu inshorar amfanin gona aka fara kira, kuma kashi 35 cikin 100 na lissafinsu aka fara ba su. Marasa inshora kuwa, sai da suka jira Nuwamba.