Ƙungiyoyin Zumuncin Ɗalibai Mata a Amurka da Makomar Karatu

Yau za mu leƙa jami'o'in Amurka, inda ɗalibai mata ke da ƙungiyoyin zumunci masu sunayen haruffan Girkanci, da gidajen kwanansu, da kuɗin da kowace mamba ke biya. Kada hankali ya tafi ga ƙungiyoyin asirin da suka addabi wasu jami'o'in Najeriya. Waɗannan a fili suke, hukumar makaranta ta san da zamansu.

Mu fara da garin Greencastle na jihar Indiyana. A 1867 jami'ar Indiana Asbury, wadda yau ake kira DePauw, ta fara ɗaukar mata, cikinsu har da Bettie Locke, 'yar wani malamin lissafi. Samarin makarantar ba su yi maraba da su ba, har buga ƙafa suke yi a ƙasa idan matan sun shigo zauren taro. Wata rana wani ɗan ƙungiyar maza ta Phi Gamma Delta, wadda ɗan'uwan Bettie ke ciki, ya nemi ta riƙa maƙala bajensu a riga. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗin a ɗauke ta cikakkiyar mamba. Suka je suka yi shawara, suka ƙi, sannan suka ba ta kyautar kwandon azurfa don a rarrashe ta. Kwandon azurfa fa, masu sauraro, ga yarinyar da ta nemi a dama da ita! Ba ta haƙura ba. Ran 27 ga Janairun 1870, ita da ƙawayenta uku suka kafa tasu, Kappa Alpha Theta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne nauyin da ke wuyan waɗannan 'yan mata. A 1873 wani likita da ya koyar a Harvard, Edward Clarke, ya wallafa littafi yana cewa zurfin karatu na lalata lafiyar mace. Saboda haka idan ɗaya ta faɗi jarrabawa, duk mata za a ce sun faɗi. Dole suka riƙa sa wa juna ido kan karatu. A 1908 kuma ɗalibai mata baƙaƙen fata suka kafa tasu, Alpha Kappa Alpha, a jami'ar Howard, ƙungiyar da Kamala Harris, tsohuwar mataimakiyar shugaban Amurka, ta shiga tana ɗaliba.

To, yau fa? Ƙungiyoyin kan yi alfahari cewa makin mambobinsu ya fi na sauran ɗalibai mata, kuma a jami'o'i da dama haka ne. Sai dai a nan ina da ja. Ba a ɗaukar yarinya sai makinta ya kai wani mataki tun farko, kuma sai wadda iyayenta za su iya biyan kuɗin. Masu ƙoƙari aka zaɓa, masu sauraro, masu ƙoƙari tun kafin su shiga.

Masana tattalin arziki biyu na jami'ar Miami ta jihar Ohayo, William Even da Austin Smith, sun bi diddigin wannan. Suka kwatanta ɗaliban da suka tsallake makin shiga da ƙyar da waɗanda suka gaza da kaɗan, suka tarar shiga ƙungiya na rage maki, musamman a zangon da ake horar da sabbin shiga, lokacin da taruka da bukukuwa ke cinye dare. Wasu binciken kuma sun nuna mambobi sun fi daurewa har su kammala digiri, domin wadda ke da ƙawayen da ke tambayar lafiyarta ba ta saurin barin makaranta.

Lokaci na hararar mu. Ke ɗaliba da ke shirin tafiya karatu Amurka, kafin ki biya ko sisi, ki tambayi tsofaffin mambobi awa nawa ƙungiyar ke ci a mako, kuma ki bari sai kin ga sakamakon zangonki na farko. Mu kwana lafiya.