Tsakanin Shaho da Muzuru: Yadda Ake Tsaron Kajin Gida

Kazar Hausa ba ta da tsadar ciyarwa. Da gari ya waye a buɗe mata akurki, a watsa mata ɗan tsaki ko dusa, sauran abincin yini kuma ita za ta nemo da ƙafarta, a gindin turmi inda ake surfe, a turken awaki, ko a juji bayan gida. Wannan sauƙin ne ya sa da wuya ka shiga gida a karkara ba ka tarar da 'yan kajin matar gida ba. Nata ne, ba na maigida ba. Da su take fita kunyar baƙo, da su take sayen sabulu, in sun yi auki ta haɗa ta sayi akuya. Sai dai sakin da ke rage mata kuɗin abinci shi ne ke miƙa 'yan tsaki ga masu farauta. Kaza ta yi kwana 21 tana kwanci, ta fito da 'ya'ya reras, bayan wata biyu a gan ta tana yawo da uku ko huɗu. Duk dabarun da za a ambata a nan, ƙoƙari ne na rage wannan asara ba tare da an kulle kaza an ɗauki nauyin cikinta ba.

Da rana, haɗarin daga sama yake zuwa. Masu kiwo sun san shirwa daban, shaho daban. Shirwa tana shawagi a fili, wutsiyarta mai baki biyu, inuwarta tana riga ta isowa ƙasa, kuma ƙarfinta a kan ɗan tsako yake ƙarewa. Gidan da ke kusa da mahauta ko kasuwa ya fi shan wahalarta. Shaho kuwa ɗan kwanton ɓauna ne. Yakan laɓe cikin ganyen darbejiya ko tsamiya, ya faɗo ta ƙasa-ƙasa, kafin a ce "kai!" ya tsallake katanga da abin da ya samu, wani lokaci har budurwar kaza.

Mai gadi na farko ita ce uwar. Da ta hango inuwa sai ta yi wani kuka mai kaifi, 'ya'yan su watse, wasu ƙarƙashin rumbu, wasu cikin dangar kara, ita kuma ta baza fukafukai ta tsaya. Shi ya sa aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Wannan kukan kowa a gidan ya san shi. Mai daka ta saki taɓarya ta yi ihu, "Shirwa! Ku kore ta!", yara su fito da gudu suna tafi, suna buga tsohon kwano, mai danƙo ya ɗana dutse. Ba kasafai ake samunta ba, amma ana so ta san gidan da mutane.

Ihu ba ya isa, don haka ake kife 'yan tsaki da kwando. A makonnin farko, a sami babban kwando mai sarari, a kife uwa da 'ya'yanta a inuwa, a ɗora dutse a kai, a sa kaskon ruwa marar zurfi da 'yan tsakuwa a ciki don kada wani ya faɗa ya nutse. Ana matsar da kwandon yadda inuwa ke matsawa. A ganina duk cikin dabarun gargajiya babu wadda ta kai wannan, amma tana da sharaɗi: wanda ya hana kaza kiwo, sai ya kawo mata abin da za ta tsinta. Nan aikin yara ya shigo. Da yamma su cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, su yayyafa ruwa, su kife ta a kan hanyar gara. Da sassafe su ɗauko ta cike, su zazzage a cikin kwando. Tsakon da ya sami gara, ƙarfinsa ba ɗaya ba ne da wanda aka bari da tsakin gero kawai.

Wasu matan kuma galura suke jiƙawa su shafe 'yan tsakin, su koma ja ko shuɗi, wai shirwa ta kasa gane su. Masu yi suna rantsuwa tana aiki. Ko ba ta ruɗa shirwa ba, tana raba gardama da maƙwabta, don kowa ya san launin nasa. A 'yan shekarun nan an ƙara da tsohon gidan sauro da ake kewaye ɗan fili da shi, da faya-fayan CD da ake ratayewa suna walƙiya.

Da magariba kuwa lissafi ya canja. Kaza dundumi gare ta. In duhu ya yi, ko kama ta aka yi sai dai ta yi kuka. Saboda haka kafin a kira salla ake kaɗa su akurki, a ƙirga. "Inna, wake-waken nan ba ta shigo ba." "To maza leƙa gidan Goggo, ka ce ina gaishe ta, ko ta bi nasu." Ba a rufe ƙofa sai lissafi ya cika.

Akurkin gargajiya ginin laka ne, ɗan ƙarami, da ƙofar da hannu da kaza kaɗai ke shiga. Wasu ƙarƙashin rumbu suke toshewa, wasu tsohuwar randa suke kwantarwa. A rufe bakin da guntun katako ko langa-langa, a tokare da dutse mai nauyi, domin muzuru yana iya ture marfi da hannu. Ana yaɓe duk wata tsaga, musamman bayan ruwan sama ya zaizaye gindin, tunda ramin da ɓera ya haƙa shi maciji ke bi. Ana share ciyawar kewaye, a zuba toka a ciki saboda ƙuma, wasu su zagaye wajen da baƙin mai don maciji. Aibin wannan gini shi ne rashin iska. Yana hana muzuru, amma in annobar hunturu ta shigo, cikin kwana kaɗan take share na ciki. Wannan cutar dai tana da riga-kafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin sa. Muzuru ne ba shi da allura. A rugage da gidajen gona, inda kaji da zabi ke kwana kan bishiya, ƙaya ake ɗaure wa gindin don mai hawa ya haƙura.

In an wayi gari da ɓarna, tsofaffi sukan karanta wurin kafin su yanke hukunci. Gashi a warwatse har bayan danga, muzuru ne. Kaji biyu ko uku a mace da cizo a wuya, ba a ci naman sosai ba, sai a zargi tunku. Ƙwai ya ragu babu ɓawo, a nemi gafiya ko maciji, kuma kada yaro ya zura hannu, don kumurcin da ya haɗiye ƙwai yakan nannaɗe a ciki ya kwanta. Daga nan sai a ɗana tarko, ko a bar kare ya kwana kusa. Zabi ma suna taimakawa. Surutun da ake tsine musu a kai da rana, shi ke tada mutane in baƙon abu ya shigo. Wadda ake zalunta a wannan shari'a ita ce mujiya. Da an ji kukanta sai jifa, alhali yawancin abincinta ɓeraye ne, su kuwa ɓerayen su ne ke buɗe wa maciji hanya.

Gidajen birni na siminti sun rage maciji da tunku, amma sun zo da tasu matsalar. Tsakar gida fayau, babu rumbu, babu danga, babu inda tsako zai faɗa in uwa ta yi kuka. Masu lura sukan jingina tsohuwar ƙofa ko 'yan itatuwa a jikin bango don a sami maɓoya, su kuma sa kafinta ya yi musu keji na waya mai ƙafafu.

Saura mai ƙafa biyu, wato ɓarawo. Shi ba ya barin gashi ko jini, har marfin akurkin yake mayarwa ya tokare da dutsen yadda ya same shi, kuma ya fi yawaita in Salla ta matso, lokacin da zakara ke kuɗi. Saboda shi ake ɗaura wa kaza ƙyalle a fiffike ko zare a ƙafa, don in an gan ta a hannun dillali a iya magana. A irin waɗannan kwanaki mata da yawa ba sa yarda da akurki sam. Madafa suke kai manyan zakarun su sa kwaɗo, wasu ma ɗakin kwana, a kife su da kwando a bayan ƙofa har ranar kasuwa.