Daga 'Yan Awaki zuwa Markaz: a rushe ko a bar wa tarihi?

A Disambar 1980 sojoji suka yi wa sansanin Muhammadu Marwa Maitatsine da ke 'Yan Awaki a Kano luguden wuta, a rikicin da kwamitin Mai shari'a Aniagolu ya ce ya ci rayuka 4,177. Yau matashi kan ratsa unguwar bai san abin da ya faru a wurin ba, kuma wannan asara ce.

Maiduguri ma ta sha wannan muhawara. A Yulin 2009 jami'an tsaro suka rusa Markaz, cibiyar Mohammed Yusuf. A 2017 gwamnatin Borno ta ce za ta mai da wurin gidan tarihi, domin 'yan baya su san mafarin Boko Haram. Nan take wasu suka yi ca, suna cewa ai karrama shi za a yi.