Binne Iri Biyu Ne

Mai karatu, yau ina roƙon ka yi mini uzuri, domin zan kauce wa batutuwan da aka saba tafka muhawara a kansu a wannan shafi, na siyasa da tsadar rayuwa, in yi magana a kan wani ɗan lambu da ke bayan gidana a Samaru ta Zariya, wanda tsawonsa bai wuce taku 20 ba. Na daɗe ina juya maganar a raina ina jin nauyin fito da ita, saboda tarbiyyar da aka yi mana ba ta yarda mace ta baje abin da ke zuciyarta game da mijinta a bainar jama'a ba, yana raye ko ya rasu. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne yawan abokan aiki da ɗalibai da na ga an yi wa rashi a 'yan shekarun nan, kowa ya haɗiye abinsa shi kaɗai. Ana ta ce masa ya yi haƙuri, amma ba wanda ya nuna masa yadda ake yin haƙurin idan gari ya waye.

Allah Ya yi wa maigidana rasuwa a tsakiyar watan Janairun 2024, hunturu na kaɗawa, bayan gajeriyar jinya. Shekara 19 muka yi tare. A kwanakin farko gida ya cika maƙil, har ba ni da sukunin da zan tantance abin da ya same ni. Bayan bakwai jama'a suka fara raguwa, kafin arba'in kuwa ya rage daga ni sai yara uku, sai gwaggona da ta taso daga ƙasar Sakkwato don ta taya ni zaman takaba. A cikin waɗannan wata huɗu da kwana goma ne na gane cewa safiya ta fi dare wuya. Marigayin ya saba idan ya dawo daga sallar asuba ya zarce lambu, in riƙa jiyo ƙarar bokiti da fartanya ina haɗa wa yara kayan kari. Shirun da ya maye gurbin wannan ƙarar shi ya fi komai cin raina.

Sana'ata nazarin harshe ce. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa Bahaushe mutum ne mai sakaya zance idan ya zo kan mutuwa. Kalmar "rasu" daga "rasa" ta fito, kuma a rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960 tana aji na bakwai, wato dai an nemi mutum ba a same shi ba. "Marigayi" kuwa daga "rigaya" take, wanda ya riga mu isa inda kowa zai je. Ita ma "dangana" da ake yi wa mai makoki addu'ar samu, asalinta jingina abu ne ga wani abin da ya fi shi ƙarfi, kamar yadda ake dangana tsani da bango. Duk wannan na sha rubuta shi a allo, na sha ba da maki a kansa. Da abin ya zo kaina sai na tarar sanin asalin kalma bai rage wa mutum komai da asuba.

Ana cikin azumin wannan shekarar, wanda ya faɗo a watan Maris da farkon Afrilu cikin zafi mai tsanani, na daure na buɗe durowarsa. A can ƙasa na ci karo da wani gwangwanin madara cike da ƙananan ambulan, kowace da rubutun hannunsa: kuɓewa, yakuwa, rama, alayyafo, sai wata babba da ya rubuta geron garinsu da shekarar 2023. Irin da ya tanada ne don damina mai zuwa. Abin da ya karya mini zuciya ƙaramin abu ne. Tun muna sabon aure nake yi masa tsiya cewa ba ya sa wa baƙaƙen Hausa ƙugiya, shi kuma yana cewa wannan aikin malaman Hausa ne. A kan wannan ambulan ta ƙarshe sai ga shi ya lanƙwasa wa "ɓ" ɗin kuɓewa ƙugiyarta tsaf. Na rufe gwangwanin, na kai shi cikin kayana na ɓoye, na ƙudurta a raina cewa ba mai taɓa shi har abada.

Lambun kuwa na bar shi ya bushe. Masu fassara a gidajen rediyo kan ari kalmar "bazara" su laƙaba wa lokacin nan da ƙasashen Turai ke fita daga sanyi, itatuwa su yi toho, mutane su fito gyaran lambunansu cikin murna. A wurinmu bazara wata aba ce dabam. Lokaci ne na gumi da ƙishi da jiran tsammani, rijiyoyi sun ja baya, hadari ya taso ya watse. Sabunta rayuwa a ƙasar Hausa sai ruwan shuka ya sauka, wanda a Zariya yakan kankama a watan Mayu, ya kai farkon Oktoba, a samu kimanin milimita 1,000 a shekara. Ni dai a wannan bazarar ba na jiran komai. Ina kallon kunyoyin da ya yi da hannunsa ta tagar kicin suna tsattsagewa, ina jin kamar hakan ne daidai.

Gwaggo ce ta gano inda na ɓoye gwangwanin. Ba ta yi karatun boko ba, amma ta shekara fiye da 50 tana bin bayan sungumi. Wata ranar da yamma ta ajiye shi a gabana, ta ce da harshenta na Sakkwatanci: "Ɗiyata, iri ba a aje shi don kallo. Bizne shi aka yi." Na ce, "Gwaggo, shi ke nan abin da ya rage mini da hannunsa." Ta ce, "To ki riƙe takardun, ki ba ƙasa abinta. In kin bar shi shekara biyu ko uku cikin wannan zafin, ya mutu a hannunki, kin yi rashi biyu."

Gaskiya ta faɗa, kuma duk malamin gona zai tabbatar da ita. Ƙwayar iri abu ne mai rai da ke numfashi a hankali, zafi da danshi suna cinye ƙarfinta, kowace shekara adadin da zai tsira yana raguwa. Amma ni kalmar da ta yi amfani da ita ce ta tsaya mini. Abin da mutanen yamma ke kira "bizne" ko "bisne", shi ne Kanawa da Zazzagawa ke cewa "binne", inda naso ya mayar da baƙin farko irin na bayansa. Na sha kawo wannan misali a aji. Abin da ban taɓa tsayawa na duba ba shi ne, kalmar da muke amfani da ita ga abin da aka yi wa maigidana a maƙabarta, ita ce manomi ke amfani da ita ga shukar da yake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Manomin gero a Sakkwato da Katsina da Damagaram yakan sari ƙasa, ya zuba iri, ya take da ƙafa, ya koma gida alhali babu ko gajimare a sama. Ya san tururuwa da tsuntsaye za su iya kwashewa. Ya san za a iya yin ɗan yayyafi iri ya tsira, ruwa ya ɗauke, ya ƙone. Duk da haka yakan fitar da abin da ya ɓoye tun kaka ya miƙa wa ƙasa.

A farkon Mayu muka yi binnen geron. Yayan yaran ne ya riƙe sungumi, ni da Gwaggo muna binsa muna zuba iri muna takewa. Abin da ake gudu kuwa ya faru. Aka yi ɗan ruwa, gero ya leƙo kore shar, sannan sama ta ɗauke kwana da kwanaki, kusan rabinsa ya ƙone. Ranar da na ga haka na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza. Gwaggo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta kwance gefen zanenta ta fito da sauran irin da ta rage ban sani ba, ta ce manomin kirki ba ya juye iri duka a shukar fari. Da ruwa ya zauna a ƙarshen watan, daidai lokacin da na fita takaba, muka cike guraben, muka shuka kuɓewa da yakuwa da rama da alayyafo.

Aiki mafi wuya shi ne cira. Gero ana zuba shi da yawa a rami ɗaya, idan ya yi mako biyu zuwa uku sai a tuge saura a bar biyu ko uku. Na tsuguna a gaban tsirrai masu lafiya, kowanne daga irin da ya taɓa da hannunsa, aka ce in tuge in yar. Na so in bar su duka. Gwaggo ta ce idan na bar su duka ba wanda zai yi kai. A wannan makon ne na iya buɗe ɗakinsa na raba rigunansa da hulunansa ga 'yan uwa da mabukata, na riƙe alƙalaminsa da tabarau da ambulan ɗin nan. Ba wanda ya ce in yi. Hannun da ya koyi cira a lambu shi ya yi aikin a ɗaki.

Daga nan ƙananan abubuwa suka fara dawowa. Furen kuɓewa rawaya ne mai jan ciki, yakan buɗe da safe ya yanƙwane kafin gobe, don haka wanda bai fito da wuri ba ya yi asarar na ranar. Sai na wayi gari ina da dalilin fita bayan asuba. Ana saura kwana biyu Babbar Sallah, ta farko da muka yi babu shi, ragon layya ya tsinke igiya ya afka wa yakuwa. Autata ta bi shi da silifa, santsi ya kwashe ta ta zauna daɓas cikin kunya. Sai kawai na ji dariya ta kuɓuce mini. Nan take na toshe baki ina waige-waige kamar na yi sata. Gwaggo ta ce, "Yi abinki ɗiyata, shi ma da yana nan da ya riga ki." Wannan jin laifi da ke biyo bayan dariyar farko, na tabbata duk wanda aka yi wa rashi ya san shi, kuma ba a cika faɗa ba.

Daga baya na koma ga littattafai, kamar yadda ɗan boko ya saba. Da yawanmu mun ji labarin matakai biyar na baƙin ciki da Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969, har wasu kan zaci tsani ne da dole a taka shi ɗaya bayan ɗaya, alhali ita a kan majinyatan da ke fuskantar ajalinsu ta fara gina bayanin. Wanda ya fi dacewa da abin da na gani shi ne bayanin Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a 1999, cewa mai makoki yakan riƙa kai-da-komo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma fuskantar hidimar rayuwa, kuma wannan kai-da-komon shi ne lafiyarsa. Haka nan a 2023 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Denver na Amurka da mutum 291, inda aka ga waɗanda aka ba filin lambu sun sami sauƙin damuwa da fargaba fiye da waɗanda aka bari a layin jira. Ban kawo wannan don in ce lambu magani ne ba. Wanda baƙin ciki ya hana shi ci da barci wata da watanni, ya kamata a kai shi ga likita, kuma babu abin kunya a ciki.

Kirana ga 'yan uwana ma'aikata ne, malaman jami'a da likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki. Mu ne muka fi kowa iya ɓuya a bayan aiki. Ana share makoki mutum zai koma ofis ya tara fayil a gabansa, a riƙa yaba masa da tawakkali, alhali gudun komawa gida yake yi. Iyayenmu na karkara ba su fi mu ƙarfin zuciya ba, sai dai damina ba ta jiran mai makoki, dole ya fita ya taɓa ƙasa, ya ga abu ya mutu wani ya tsira a gabansa. Mu da muka ƙaura zuwa gidajen siminti mun rabu da wannan makarantar. Ba sai kana da gona ba. Tsohon bokiti ko buhun siminti da aka cika da ƙasa da taki ya isa gindin kuɓewa ko tattasai, reshen zogale kuwa ko dasa shi ka yi a jikin katanga zai kama. Sannan idan mun je gaisuwa, mu tuna cewa buƙatar mai rashi takan fara ne bayan an naɗe tabarmi. Wanda ya leƙo a wata na uku ya fi wanda ya kwana uku a zaman makoki amfani.

A watan Agusta muka gasa tumu a tsakar gida kamar yadda mahaifinsu ya saba yi musu, yaran suna ba da labarinsa suna dariya, wani lokacin muryar ɗayansu ta sarƙe a yi shiru, sannan a ci gaba. Na bar wasu 'ya'yan kuɓewar suka ƙosa a jikin uwarsu, na fasa na shanya, na zuba a sababbin ambulan na rubuta sunayensu da hannuna, na mayar cikin gwangwanin kusa da nasa da suka zama fanko. Tun daga lokacin kowace damina daga jikokin wannan irin nake shukawa, har na ɗebar wa wata abokiyar aikina da ta rasa ɗanta. Gidan na jami'a ne, na san wata rana za mu bar shi da lambun duka, wani ya shigo ya ci zogalen. Wannan tunanin a da yakan tayar mini da hankali, yanzu kuwa ina iya yinsa ina tsinkar kuɓewa.

Har gobe akwai safiyar da nake jin kamar zan jiyo ƙarar bokitinsa. Idan ta zo nakan tsaya in yi masa addu'a, sannan in ɗauki bokitin in fita. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba duk wanda aka yi wa rashi dangana, Ya kuma ba mu damina mai albarka, amin.